Kamfanin Fergus, Sa Hannun Morag

Fergus Rennie mijin ƙanwata ne, kuma ba zan rage masa komai ba: mutum ne mai kai. Aikinsa zana taswirar bututun mai na rijiyoyin cikin teku, kuma masu wannan harka a Aberdeen sun san ya iya. Ba mashayi ba ne, ba ya caca, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Aibinsa ɗaya ne, ya ɗauka ya fi kowa wayo. In ka ba shi shawara sai ya dube ka kamar ka zubar masa da shayi a riga.

Kamar yawancin 'yan kwantiragi a garinmu, Fergus ba ma'aikacin kowa ba ne. Ya yi rajistar kamfani nasa na kansa, kamfanonin mai su ɗauki hayar kamfanin, kamfanin kuma ya tura musu Fergus. Kamfanin nan duka-duka tebur ɗaya ne da kwamfuta a ƙaramin ɗakin saman bene, gefen inda ake shanya kaya in ana ruwa. Amma sai da ya buga katuna masu ruwan zinariya, aka rubuta Babban Darakta a ƙarƙashin sunansa. Tun daga ranar na daina kiransa Fergus, sai Darakta. Shi bai taɓa gane tsiya nake masa ba.

Ni sunana Hamish, direban bas ne, shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Albashina yakan iso hannuna an riga an cire haraji da kuɗin inshorar ma'aikata. Wannan abu yana ba Fergus dariya ƙwarai. Duk ranar Lahadi mukan haɗu gidan mahaifiyarmu mu ci niƙaƙƙen nama da dankali, kuma ba a tashi ba tare da ya taɓa ni ba.

"Direba, nawa suka yanke maka wannan watan?"

"Abin da suka saba, ranka ya daɗe Darakta."

"Kai dai an yi asararre. Tun asuba kana murza sitiyari, wasu na zaune suna yankar rabonsu. Ni fam ɗari biyar nake karɓa a rana, kuma ba mai sa mini hannu a aljihu."

"To ci abincinka da sauri, kada gwamnati ta shigo ta ɗebi nata."

Morag, ƙanwata, sai ta ce, "Ku biyun nan kun ishe ni. Hamish, miƙo gishiri."

Dole in gaya muku wace ce Morag, don labarin nata ne fiye da nasa. Tana shekara goma sha shida ta bar makaranta ta shiga gidan gyaran kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Shekara goma sha bakwai tana tsaye cikin takalmin roba tana fere kifi da ruwan sanyi, har yatsunta suka kantare. Tana wannan aiki ta koma karatun yamma, ta faɗi jarrabawa sau biyu, ta sake zama. Tana da shekara talatin da bakwai aka rubuta sunanta cikin rajistar ma'aikatan jinya. Ranar nan Mama ta fasa ɗan abin da take tarawa, ta saya mata ƙaramin agogon azurfa irin wanda nas-nas ke maƙalawa a ƙirji. Ban taɓa ganin mutum yana son aikinsa kamar yadda Morag take son ɗakin jinyar tsofaffi da take aiki a asibiti ba. Ko da jikin Mama ya yi rauni ta rage aiki zuwa kwana biyu a mako don ta kula da ita, waɗannan kwanaki biyu su ne hasken makonta.

Fergus ya sa sunan Morag cikin kamfaninsa tun farko. Ya ba ta rabin hannun jari, ya kuma rubuta ta darakta ta biyu. Ba don tana aikin komai ba, sai don riba in aka raba ta biyu harajinta ya fi sauƙi. Rabin 'yan kwantiragin unguwarmu haka suke yi, ba laifi ba ne. Sau ɗaya a shekara yakan kawo mata takarda ya nuna da yatsa, ita kuma ta sa hannu tana juya miya da ɗaya hannun.

Yana da akanta a da, wata dattijuwa mai suna Misis Geddes, mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Ita ta riƙa ce masa ya biya kansa ɗan albashi kowane wata daga kamfanin, ko da kaɗan ne, don sunansa ya ci gaba da fitowa cikin masu gudummawar inshora. Fergus ya yi nasa lissafin, ya ga in ya kwashe komai da sunan rabon riba zai huta da cike-ciken albashi. Da ta dage sai ya sallame ta, ya ce fam casa'in da take karɓa a wata ma ɓarna ce, shi zai riƙa yin lissafinsa da kansa. Ya ba mu labarin yana ƙyaƙyata dariya.

"Wai ta ce ranar da aiki ya yanke zan nemi tallafin marasa aiki in tarar ba ni da komai. Ni! Ni Fergus zan je in yi layi da malalata?"

Mama ta ce, "Fergus, uban Hamish da Morag ya yi layin sau biyu, kuma ba malalaci ba ne."

Sai ya ci gaba da cin abinci, amma ba don ya ji ba.

Shekara uku bayan haka farashin mai ya faɗi. Wanda ya zauna garin nan lokacin ya san abin da muka gani. Motoci masu tsada suka cika filayen dillalai, allunan sayar da gida suka tsaya layi-layi a kan tituna. Ma'aikatan dindindin an ba su wa'adi da kuɗin sallama. 'Yan kwantiragi kuwa ba a bin su bashin komai. Ranar Alhamis aka kira Fergus aka ce kada ya dawo ran Litinin.

Wata huɗu yana buga waya yana tura takardu, ba wanda ya waiwaye shi. Ya rame, ya zama mai saurin fushi. Na tausaya masa, gaskiya, domin mutumin da ya saba a neme shi ba ƙaramin ciwo yake ji ba in waya ta yi shiru. A wata na biyar ya sa hula ya ja ta har gira, ya tafi ofishin tallafin marasa aiki ta ƙofar da ba ta kallon babban titi.

Da yammacin ranar ya same ni a ɗan lambun da nake noma bayan layin dogo, ina haƙar dankali. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Ka san abin da yarinyar ofishin tallafin nan ta ce mini? Wai shekara uku babu ko kwabo da sunana a littafin inshora. Wai tallafin masu gudummawa ba nawa ba ne."

"Ai Misis Geddes ta faɗa maka."

"Kada ka kawo mini zancen tsohuwar nan. Shekara goma sha biyar kamfanina na biyan haraji. Harajin da na biya a shekara guda ya fi albashinka na shekara biyu. Yau na zo neman haƙƙina a ce ba ni da shi?"

"To yanzu sai yaya?"

"Akwai ɗaya tallafin, na gidan da ba shi da hali. Miji da mata ke nema tare. Sharaɗinsa kada ajiyarku ta wuce fam dubu goma sha shida."

Na soka cebur a ƙasa na dube shi. "Darakta, ba kai ka ce mana akwai dubu arba'in da ɗoriya a asusun kamfani ba?"

Sai ya yi wannan murmushin nasa da na tsana. "Ka ji matsalarka, Direba. Ba ka san doka ba. Kamfani mutum ne mai zaman kansa. Kuɗin kamfani na kamfani ne. Ni Fergus Rennie, fam ɗari takwas ke gare ni a banki."

"Wa ke da kamfanin?"

"Ni da Morag."

"Wa ke iya cire kuɗin?"

"Ni."

"Motar nan da ka zo da ita, wa ke biyan kuɗinta duk wata? Kuɗin kulob ɗin golf fa?"

"Kamfani."

"To ni jahili ne, amma kuɗin da kai kaɗai ke ci, ban san sunan da za a kira shi ba in ba naka ba. Fom ɗin neman tallafin bai tambaya ko kuna da hannun jari a wani kamfani ba?"

Ya kau da kai. "Ya tambaya. Amma kamfanin da ba ya aiki ai kamar babu shi ne."

"Fergus, ka ji ni da kyau. Ku ci kuɗin kamfanin nan a hankali. In ya ƙare ba ka samu aiki ba, ka rufe kamfanin, ka koma ofishin nan ka faɗi gaskiya, za su ba ka ba tare da kowa ya zarge ka ba."

"In rufe kamfanina? In kwashe asusun? Ka san dillalan kwantiragi sai sun leƙa lissafin kamfani kafin su kira mutum? Su ga babu komai a ciki, su ce Rennie ya karye? Kai dai tsaya kan dankalinka."

Ya juya ya tafi. Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma har yau yana ci mini rai. Ya kamata in ajiye ceburin nan in tafi wurin ƙanwata kai tsaye. Amma na ce wa kaina ba kyau mutum ya shiga tsakanin mata da miji, na ce ƙila fushi ne kawai yake sa shi magana. Na ci gaba da haƙar dankalina kamar yadda ya ce.

Daga baya Morag ta gaya mini yadda aka yi. Ya cike komai a kwamfuta, ya kira ta ta zo ta tabbatar da nata ɓangaren, don dole kowannensu ya shaida da sunansa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ta dawo daga gidan Mama ke nan a gajiye. Wannan karon ta ɗan tsaya ta karanta.

"Fergus, nan an ce ba mu da hannun jari a ko'ina. Kamfanin fa?"

"Kamfanin yana barci, ba ya cikin lissafi."

"Kuɗin da ke ciki fa?"

"Ba namu ba ne, na kamfani ne. Haba Morag, ke kin taɓa ganin na shiga ɗakin jinyarku na koya miki yin allura? Kowa da fanninsa."

"Ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Shekara nawa kina sa hannu, na taɓa jefa ki a rami?"

Ta ce ta dube shi, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ga idonsa ya faɗa. Ba ta so ta ƙara masa wani nauyin. Sai ta danna.

Tallafi ya fara shigowa, wajen fam ɗari bakwai a wata. Abin da Fergus kan samu cikin yini ɗaya da rabi ke nan a zamanin da. Duk mako biyu yakan je ofishin ya nuna shaidar yana neman aiki. Motar kamfani yakan ajiye ta a wani lungu mai nisa ya ƙarasa da ƙafa. Ranar Lahadi kuwa bakinsa ya dawo. Ya ce mini a hankali, don kada Mama ta ji, "Ka gani, Direba? Doka ta masu karanta ta ce."

Ana nan sai lokacin da kowane kamfani ke miƙa lissafinsa na shekara ga ofishin rajistar kamfanoni ya zo. Wannan lissafi a buɗe yake, duk mai waya a hannu zai iya neman sunan kamfani ya ga daraktocinsa da abin da ya mallaka. Fergus ya san haka sarai, don shi ya sa ma ya ƙi taɓa asusun sosai. Ya zauna ya tsara lissafin da kansa, ya rubuta fam dubu arba'in da ɗaya a banki, daraktoci biyu, masu hannun jari biyu. Ya kawo wa Morag takardar amincewa, ta sa hannu kamar kowace shekara. Har nuna mini ya yi a wayarsa yana alfahari.

"Dubi nan. Duk dillalin da ya leƙa zai san Rennie na nan da ƙarfinsa."

Na ce, "Dillalai kaɗai ke da ido?"

"Kana nufin mutanen ofishin tallafi? Waɗannan da ko shayinsu ba sa iya haɗawa daidai? Ofishi daban, gari daban. Wa zai zauna ya haɗa?"

Wato mutumin nan ya gaya wa ofishi ɗaya shi mai ƙarfi ne, ya gaya wa ɗaya shi fakiri ne, duka a shekara guda, duka da sunansa na gaskiya da adireshin gida ɗaya. Kuma yana ganin wayo ya yi.

A wata na tara wasiƙu biyu suka iso gidan cikin ambulan ruwan ƙasa, ɗaya da sunansa, ɗaya da sunanta. Ana gayyatar kowannensu zuwa ganawa, kowa shi kaɗai, za a naɗi maganar, kuma yana da damar zuwa da lauya. Morag ta kira ni ina hutun rana a tashar bas. 

"Hamish, me ake nufi da za a naɗi magana? Me na yi?"

Na je gidan bayan na tashi aiki. Na tarar da Fergus yana kai da komo a kicin, fuskarsa fari fat, amma bakin bai mutu ba.

"Abu ne mai sauƙi. Ke ki ce ba ki san komai ba. Ki ce ba ki san akwai kuɗi a kamfani ba, ba ki ma san ke darakta ba ce. Ni zan yi musu bayanin doka."

Morag ta ce, "Amma na sani. Na tambaye ka."

"Wa ya ji kin tambaye ni? Bango?"

"Ni na ji."

"Morag, don Allah ki yi tunani!"

"Na sa hannu a kan ƙarya sau ɗaya don ban so in ɓata maka rai. Ba zan je in zauna gaban na'ura in ƙara wata da bakina ba. Ni nas ce, Fergus. Kullum ina rubuta abin da na ba majiyyaci in sa hannu, kuma ana yarda da shi don hannuna ne."

Ya juyo gare ni. "Kai ba za ka yi mata magana ba?"

Na ce, "Lokacin da ya kamata in yi mata magana ya wuce tun wata tara."

Ni na raka ta ranar. Ba a bar ni na shiga ba, na zauna a benci na awa ɗaya da rabi. Da ta fito ta ce matar da ta yi mata tambayoyi ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Takardu biyu kawai ta ajiye a gabanta gefe da gefe. Ɗaya ta ce Morag Rennie ba ta da hannun jari a ko'ina. Ɗaya ta ce Morag Rennie darakta ce mai rabin kamfanin da ke da dubu arba'in da ɗaya. Matar ta tambaye ta ko duka biyun ita ta amince da su. Ta ce ita ce. Ta tambaye ta ko ranar da ta tabbatar da ta farko ta san da kamfanin da kuɗin. Ta ce ta sani, ta tambayi mijinta, ya ce ba ya cikin lissafi. Matar ta rubuta.

Fergus kuwa ya shiga da littafin dokar kamfanoni a hammata. An bar shi ya yi jawabinsa har ya gaji. Sannan aka nuna masa takardun banki, inda kamfanin da ke barci yake biyan kuɗin mota da na golf da na gyaran rufin gida duk tsawon watannin. Aka ce masa ba a tambaye shi ko kamfani mutum ne ba, an tambaye shi ko yana da hannun jari, ya ce babu. A nan littafin ya ƙare masa.

Maganar ta kai kotu. Lauyan Morag ya yi iya ƙoƙarinsa, alƙali ma ya ce ya ga alamar ba ita ta kitsa abin ba. Amma ta sani, ta kuma tabbatar, doka ba ta da wata ƙofa. Aka umarce su su mayar da fam dubu shida da ɗari uku. Fergus aka ɗora masa awa ɗari da tamanin na aikin gayya ba biya. Morag aka ci ta tara kaɗan. Sai dai tarar ba ita ce abin ba. An rubuta a takarda cewa kotu ta same ta da laifin rashin gaskiya, kuma duk nas ɗin da haka ta same ta dole ta kai kanta gaban hukumar da ke riƙe da rajista.

Fergus ya biya kuɗin duka a rana ɗaya daga asusun kamfani, kuɗin nan da ya rantse ba nasa ba ne. Da muka fito ya ce, "To, an wuce wurin." Ban san lokacin da na cakumi kwalarsa ba. Morag ce ta raba mu a kan matakalar kotu, mutane na kallo.

Wata biyar tana jiran zaman hukumar, an dakatar da ita daga aiki. Abokan aikinta sun rubuta wasiƙu, iyalan tsofaffin da ta yi jinya su ma sun rubuta. Na karanta wasu, na kasa ƙarasawa. Ranar zaman ta sa baƙar riga ta tafi, ta amsa kowace tambaya ba ɓoye-ɓoye. Suka ce ba su da shakka a kan iya aikinta. Suka ce amma aikin jinya a kan amana yake tsaye, kuma ta bar ƙaryar ta yi wata tara tana gudana ba ta tsayar ba. Suka soke sunanta daga rajista. Sai bayan shekara biyar za ta iya neman a sake duba maganar. Ranar da aka soke sunan nata tana da shekara arba'in da tara.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. A gidan Mama ta yi, ta ciro agogon azurfan nan daga jaka ta ajiye a kan tebur. Mama ta dube shi, ta dube ta, ta ce, "Ɗauki abinki, ni ba hukuma ce ta sa na saya miki ba." Morag ta ce, "Ajiye mini, Mama. Ba ni da inda zan maƙala shi." Tun daga ranar ba ta koma gidan Fergus da kwana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin shekara ta zagayo farashin mai ya farfaɗo. Aka kira Fergus. Masu bututu ba su damu da abin da kotu ta rubuta ba, taswira suke so. Ya koma fam ɗari huɗu da hamsin a rana. Ya zo gidan Mama da furanni, ya tsaya a bakin ƙofa, kuma zan faɗi gaskiya, wannan karon ba murmushin. Ya tsufa.

"Morag, na samu aiki. Ba sai kin yi aikin komai ba. Duk abin da kike so zan yi. Na ma koma wurin Misis Geddes."

Ta ce, "Na taya ka murna, Fergus. Da gaske nake."

"To ki dawo gida."

"Ka cire sunana daga kamfaninka. Shi kaɗai nake so a wurinka."

"Na yi kuskure, na sani. Amma ai kuɗin an biya."

"Kai kuɗi aka karɓa a wurinka, ka kuma samu wasu. Ni abin da aka karɓa ba a biyansa a rana."

Ta karɓi furannin don kada ta kunyata shi, ta rufe ƙofa a hankali.

Morag ba mai zama ba ce. Gidajen kula da tsofaffi duk suna binciken takardar kotu kafin su ɗauki mutum, ba wanda ya kira ta. Sai ta koma inda ta fito, gidan gyaran kifi na bakin tasha. Bas ɗina ne ke bi ta wurin, don haka sau da yawa ni nake ɗauko ta in ta tashi ƙarfe huɗu.

Wata ranar Talata ta shigo ta zauna a kujera ta biyu, hannayenta jajur saboda ruwan sanyi, ƙarnin kifi na binta. A tasha ta gaba wani tsoho ya hau da sanda, yana neman wurin zama. Da ya gan ta sai fuskarsa ta washe.

"A'a! Sista Morag! Ashe kina nan? Ba ki gane ni ba? Gado na shida, mai karyayyen ƙugu. Ke kika sa na sake taka ƙasa, kullum kina yi mini faɗa."

Ta tashi ta riƙe masa gwiwar hannu ta zaunar da shi, daidai yadda ake yi, ta gyara masa sandar. "Na gane ka mana, Baba. Yaya ƙugun?"

"Da sauƙi. Na koma asibitin wata biyu da suka wuce, na yi ta tambayarki. Yaran nan na yanzu suna da kirki, amma ba kamar ke ba. Yaushe za ki dawo?"

Ina kallonta ta madubi. Hannunta ya tafi ƙirji, wurin da agogon yake zama, ya tarar da zip ɗin rigar sanyi. Ta sauke shi.

"Na bar aikin, Baba."

"Haba! Me ya sa? Ai irinku ba sa bari."

Ta ce, "Na sa hannu a inda bai kamata ba." Sannan ta juya fuskarta ga taga. Fitilar kan hanya ta ba ni hannu, na baya suna ta yi mini oda, ni kuwa na kasa ganin titi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya ƙi zuba gudummawa lokacin da yake samu, kada ya yi mamaki in ya zo ɗiba ya tarar babu rabonsa, kuma kada fushin haka ya kai shi ga ƙarya. Duk wayon da sai ka gaya wa wannan magana ɗaya ka gaya wa wancan wata, ba wayo ba ne, ranar haɗa takardu kawai yake jira. Ka tuna kuma, ba kullum mai ƙaryar ke biyan mafi tsada ba, sau da yawa wanda ya yarda da shi ne. Kada ka sa hannu a kan abin da zuciyarka ta ƙi, ko da wanda ya miƙo maka takardar shi ka fi so a duniya. In kuma ka ga ana shirin jefa naka cikin rami, ka yi magana a ranar, kada ka tsaya haƙar dankali kamar yadda na yi.